Tuƙin jirgi da kamun kifi a dam idan ruwa ya ja baya

Kowane dam kogi ne a ƙarƙashinsa. Ranar da aka tare kogin, ruwa ya haye kwarinsa da rafukansa da gonaki da itatuwa da hanyoyi, wani wurin har da garuruwa. Dam ɗin Kainji, wanda aka kammala a 1968, ya shanye tsohuwar Bussa. Tafkin Volta na Ghana, da ya taru bayan gina dam ɗin Akosombo a 1965, ya nutsar da daji ba tare da an sare shi ba, kuma har yau kututturan nan suna fasa jirage. A watan Yuli na 2022 tafkin Mead na Amurka ya yi ƙasan da bai taɓa yi ba tun lokacin da ake cika shi a 1937, aka rufe yawancin wuraren saukar da jirgi, jiragen da suka daɗe da nutsewa suka fito fili.

Idan ruwa ya ja, duk wannan tsohuwar ƙasa tana matsowa kusa da cikin jirginka. Hanyar da ka saba bi a guje lokacin cika ta daina zama hanya, bakin ciyawar da ka saba samun kifi ya zama busasshen fili. Abu ɗaya ne ke warware matsalolin biyu: gano inda tsohon kogin ya bi. Nan ne ruwa mai zurfin da jirgi zai ratsa lafiya, kuma a gefensa kifi ke taruwa.

Fara da lambar ruwa

Kafin ka ɗora kaya, nemi sanin matakin ruwa na yau. Kusan kowane dam yana da sandar awo a jikin bango ko kusa da mashiga, wasu hukumomin kuma suna sa lambar a intanet kullum. Abu biyu kake nema: mita nawa ruwan ya sauka daga cikarsa, sannan yana kan sauka ne, ya tsaya, ko ya fara hawa. Na biyun ya fi na farko muhimmanci ga mai kamun kifi, za mu zo kansa.

Saukar mita ɗaya tana jin kamar ba komai, amma lissafa ta a kan gangare. Inda ƙasa ke sauka mita 1 a cikin kowace mita 50, raguwar mita 3 tana janye bakin ruwa mita 150. Shi ya sa ɓangaren sama na dam, inda kogi ke shigowa yana zubar da yashi da laka, yake fara mutuwa, alhali kusa da bango da ƙyar za ka ga bambanci.

Taswirar zurfi, ta takarda ko ta waya, yawanci a kan cikar ruwa aka zana ta. Idan ta ce mita 5 kuma ruwa ya sauka mita 4, mita 1 gare ka, wataƙila ƙasa da haka, domin laka ta ƙaru tun lokacin da aka yi awon. Cire lambar yau daga duk zurfin da ka karanta. Idan babu sandar awo, kafa tsinke a daidai bakin ruwa da ka iso, ka duba shi lokacin dawowa.

Tambayi masuntan da ke kwana a kan ruwan, da ɗan gari akan ci gari. Amma ka tambaye su abin da suka gani a makon nan, domin labarin bara a wani matakin ruwa aka yi shi.

Saukar da jirgi

Mai kwalekwalen da ake turawa da hannu, matsalarsa laka ce. Nemi wurin da ƙasa ke da tsakuwa ko dutse ko tsohuwar hanya da ta gangara cikin ruwa. Lakar da ta bushe ta tsage a sama yaudara ce: ɓawon bai fi kaurin tafin hannu ba, ƙarƙashinsa taɓo ne da zai haɗiye ƙafa har cinya. Soka gora kafin kowane taku. Kada ka shigar da mota kan busasshen gindin dam don rage wa kanka tafiya, nan ne motoci ke zama har sai an nemo katafila.

Mai jirgin tirela kuma, gangaren siminti yana da iyaka, kuma lokacin ƙarancin ruwa iyakar tana kusa. A ƙarshen simintin galibi akwai rami, saboda masu ɗora jirgi da ƙarfin inji sun kwashe ƙasar wurin da farfela, suka tara ta tudu ɗan gaba kaɗan. Tayar tirela ta faɗa wannan rami, ƙarfen tirelar ya zauna a bakin siminti, mota ba za ta iya fisgo ta ba. Saboda haka sauka ka taka da ƙafa, riƙe da sanda, ka gano inda simintin ya ƙare, ka kafa alama a gefe. Kana bukatar ruwa kusan mita 1 kafin wannan iyaka. Idan babu, nemi wani gangaren.

Simintin da ya daɗe a cikin ruwa yana da gansakuka mai santsi. Ja birkin hannu, tokare tayoyin mota da katako, kada tayoyin baya su shiga ruwa. Tabbatar ka toshe ramin zubar da ruwa na bayan jirgi. Ɗaga ƙafar inji sama, tura jirgin da hannu ko da gora har ka wuce tudun nan na gaban rami, sannan ka sauke inji ka tayar. Idan tsautsayi ya sa taya ta faɗa, kada ka yi ta ba mota wuta. Sauke jirgin tukuna, a ɗaga bayan tirela da hannu ko da igiya daga jirgi, direba ya ja a hankali.

Kayan da ranar ƙarancin ruwa ke bukata ba su da yawa: gora mai tsawon mita 3 da aka yi wa zane da fenti kowane santimita 25, igiyar awo mai ƙulli kowane rabin mita da dalma ta rabin kilo a bakinta, filafili biyu, anka da igiya aƙalla mita 30, faffaɗan katako ɗaya, bokitin kwashe ruwa, farfela ta biyu da ƙusarta da sifanar da ke kwance ta. Rigar ceto kuwa a jiki take, ba a ƙarƙashin benci ba. Karo da kututture ba ya ba mutum lokacin sa riga.

Yadda ake gano tsohon kogin

Gaɓa tana faɗa maka abin da ke ƙarƙashi, domin siffar ƙasa ba ta canzawa don ta shiga ruwa. Gaɓa mai tsaye kamar bango tana ci gaba da sauka haka, akwai zurfi a gindinta. Gaɓa mai shimfiɗe tana ci gaba a shimfiɗe. Hancin ƙasa da ya miƙe cikin ruwa yana da sauran jiki a ɓoye, wani lokaci ninki biyu ko uku na abin da kake gani, don haka ba a yanke kwana a bakinsa. Haka tsakanin tsibiri da gaɓa, ko tsakanin tsibirai biyu: sau da yawa tudu ɗaya ne ya haɗa su.

Kogi yana cin gaɓar waje ta kwana, yana zubar da yashi a ta ciki. Wannan tsari yana nan a ƙarƙashin dam. A kowace lanƙwasa, zurfi yana ɓangaren waje.

Matattun itatuwa ma jagora ne. Itatuwa sun fi girma da yawa a bakin kogi, don haka idan ka ga layi biyu na busassun rassa da fili a tsakaninsu, filin nan shi ne kwarin. Amma itacen da ka gani ba shi ne abin tsoro ba. Itace yana ruɓewa ya karye a daidai inda iska da ruwa ke haɗuwa, ɓangaren da ke nutse kuwa yana iya shekaru aru-aru da ƙarfinsa. Saboda haka kututturan dam sukan kasance kamar an yanke su a tsayi kusan ɗaya, daidai matakin da ruwa ya fi daɗewa a kai. Idan ruwan yau ya zo santimita 20 ko 30 a saman wannan tsayi, dubban kawuna suna ƙarƙashin fatar ruwa ba ka ganin ko ɗaya. Wannan mataki ya fi ƙarancin ruwa sosai haɗari, domin idan ruwa ya ƙara sauka sukan fito ka gan su.

Sauran alamun na ido ne. Ruwa mai duhu zurfi ne, mai haske ko ja-ja tudu ne. Inda ƙananan igiyoyin ruwa ke karyewa a tsakiyar fili, ko wuri ɗaya ya yi lumui alhali kewayensa na motsi, akwai abu a ƙasa. Zalɓe a tsaye a tsakiyar ruwa yana tsaye ne a kan wani abu. Duk wannan yana ganuwa idan rana tana bayanka kuma ta ɗaga. Da sassafe ko da yamma kana fuskantar rana, ruwa madubi ne kawai. Tabarau mai kashe ƙyalli yana taimakawa sosai.

Kada ka dogara ga alamomin da hukuma ta ɗaure a kan ruwa ɗari bisa ɗari. An yanka sarƙarsu ne daidai da cikar ruwa. Da ruwa ya sauka sarƙar ta yi sako-sako, iska ta kai alamar mita da yawa daga inda ya kamata ta tsaya. Sabbin tuddan da suka fito kuwa ba wanda ya sa musu alama tukuna.

Don tabbatar da kwarin, ratsa dam ɗin daga gaɓa zuwa gaɓa a hankali kana awo. Za ka ga zurfi yana ƙaruwa sannu-sannu, sai ya faɗa gaba ɗaya, ya daidaita, sannan ya sake hawa. Faɗawar nan ita ce tsohuwar gaɓar kogi. Sa alama a waya, ko ka riƙe abu biyu a tudu da suka daidaita a layi ɗaya, misali dutse da bishiyar bayansa. Matsa gaba mita 100 ka sake ratsawa. Ratsawa biyar ko shida sun isa su nuna maka inda kogin ya dosa. Idan ka shafa sabulu ko giris a gindin dalmar awo, za ta ɗauko maka samfurin ƙasan: yashi, tsakuwa ko laka.

Gudu da inji

Na'urar auna zurfi a bayan jirgi take, abin da ka riga ka wuce take nuna maka. Jirgi mai gudun kilomita 30 a awa yana cin fiye da mita 8 a daƙiƙa ɗaya. Kafin ido ya gani, hannu ya rage wuta, jirgi ya tsaya, ka wuce mita 25 ko fiye. A duk ruwan da ba ka auna da kanka ba a wannan matakin, yi tafiyar da ba ta fi saurin mai tafiya a ƙasa ba, mutum ɗaya a gaba da gora. Gudu sai a layin da ka riga ka bi ka dawo. Dare kuwa a bar shi.

San zurfin da jirginka ke ci da kaya a ciki, daga fatar ruwa zuwa ƙarshen ƙafar inji. Auna shi da gora sau ɗaya ka riƙe. Lokacin da ka ba inji wuta don tashi, bayan jirgi yana nutsewa fiye da haka, don haka a nemi aƙalla mita 1.5 kafin a taka wuta. Matsakaicin gudu, inda goshin jirgi ya ɗaga baya ya zauna, shi ne mafi muni a ruwa mara zurfi.

A ƙananan injuna, saki makullin da ke riƙe ƙafar inji idan kana tafiya gaba, domin in ta bugi abu ta yi tsalle sama maimakon ta karye ko ta ɓalle katakon baya. Ka tuna ka mayar da makullin kafin ka sa ribas. Igiyar kashe inji ta kasance a ɗaure a hannunka ko a rigarka. Karo yana jefa matuƙi cikin ruwa, jirgin da ba kowa a kan inji kuwa yakan yi ta zagaye ya dawo kan wanda ya faɗa.

Ɗaga inji yana da iyaka: ramukan shan ruwa da ke jikin ƙafar dole su kasance a nutse. Riƙa waiwayar siririn ruwan da inji ke tsartarwa a baya. Idan ya raunana ko ya ɗauke, kashe inji nan take. Ko leda ko ciyawa ta rufe ramukan, ko laka ta toshe bakin tsartuwar, wanda guntun zaren fatsa mai kauri ke buɗewa. Idan ka share duka biyu ruwa bai dawo ba, robar famfon ruwa ta cinye. Yashi ne ke cin ta, kuma gudu ba ruwa na ƙasa da minti ɗaya ya isa ya ƙona ta. Koma gida da filafili, ya fi ka ƙona kan inji.

Bayan karo, idan inji na ihu jirgi ba ya tafiya, ƙusar farfela ta karye, ko robar cikin farfelar ta saki. Aikinsu ke nan, sun karye ne don giya ta tsira. Idan jirgi na rawa, fiffiken farfela ya lanƙwashe ko sandar ta karkace. A gida cire farfela ka duba bayanta: tsohon zaren raga da na fatsa sun yi yawa a ƙasan dam, suna naɗewa a sandar su yanke robar da ke tare man giya. Man giya da ya koma fari kamar madara ruwa ne ya shige shi.

Iska ma ta canza hali. A ruwa mara zurfi igiyoyi gajeru ne masu tsaye, suna zuwa a jere da sauri, sun fi wahalar da ƙaramin jirgi. Lungunan da ka saba fakewa a ciki wataƙila sun bushe. Raba man fetur uku: kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya ajiya, domin bin kwanar kogi ya fi miƙaƙƙiyar hanya tsawo. Kusa da bangon dam kuma a nisance shi fiye da kullum, bakin bututun da ke jan ruwa ya matso kusa da sama, yana iya yin juyin da zai ja kwalekwale.

Idan jirgi ya zauna

Kashe inji, ɗaga shi. Duba ko wani ya ji rauni, sannan duba ko ruwa na shigowa. Idan cikin jirgi ya fashe, zamansa a kan tudu ya fi turo shi cikin zurfi, toshe ɓarakar tukuna. Idan lafiya yake, kowa ya koma ɓangaren da ke kan ruwa, a tura da gora a koma ta inda aka shigo. Kada ka nemi fita da ƙarfin inji, laka kawai za ka ɗura wa famfo. Idan ya ƙi, jefa anka can baya cikin zurfi, a ja igiyar ana girgiza jirgin hagu da dama don lakar ta sake shi. Jirgin da ya hau kan kututture kuwa, a tara nauyi nesa da inda ya hau, a juya shi a kansa har ya zame. A yi sauri idan ana sakin ruwa daga dam, kowace awa tana ƙara zaunar da shi.

Kada kowa ya dira cikin ruwa kafin a soka gora. Wanda ya nutse a taɓo ya daina fisge-fisge, ya kwanta da baya ko ya hau kan katakon nan, ya zaro ƙafa ɗaya bayan ɗaya a hankali, ko da takalmi zai tafi.

Inda kifi ya koma

Ruwa mai sauka yana tsorata kifi. Muddin matakin na raguwa kullum, manya suna barin bakin gaɓa su koma gefen zurfi na farko, kuma cin koto yana raguwa. Idan ruwan ya tsaya a wuri ɗaya na wasu kwanaki, sai su saki jiki su dawo kiwo a tudu da safe da yamma. Idan ya fara hawa ya rufe ciyawar da ta tsiro a busasshen gindin dam, kifi na binsa har bakin ƙafa. Saboda haka ruwa kaɗan mai tsaye ya fi ruwa mai yawa da ke sauka.

Kifi bai bazu a ko'ina cikin kwarin ba. Nemi inda abu biyu suka haɗu. Mahaɗar rafi da babban kogi ta fi ko'ina. Sai kwanar waje da ta taɓo hancin ƙasa, sai tudun tsakiyar ruwa da ke dab da kwari, sai tsohuwar gada ko kwalbati ko gefen tsohuwar hanya. Kututture ɗaya a bakin faɗawar ya fi ɗari a tsakiyar shimfiɗaɗɗen fili. Giwan ruwa da ragon ruwa suna son dutse da itace a gefen zurfi. Tsage yana bin ayarin ƙananan kifi a inda ruwa ke motsi, musamman mashigar kogi. Kurungu yana maƙale da kututture da duwatsu. Karfasa tana kiwo a tudu mai ɗumi amma ba ta nisa da wurin gudu. Tarwaɗa kuwa tana iya zama inda sauran ba sa iyawa, domin tana hawowa ta shaƙi iska.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka mafi zurfi shi ne mafi kifi. Lokacin zafi ruwan dam yana rabuwa hawa-hawa: mai ɗumi a sama, mai sanyi a ƙasa, ba sa gaurayuwa. Na ƙasan ba ya samun sabuwar iska, ruɓaɓɓun ganye da laka suna cinye oksijin ɗinsa har ya ƙare. Koton da ka jefa can a kufai yake. Alamun suna da sauƙi: ƙaramin kifin koto ya dawo a mace bayan 'yan mintuna, tanar koto ta dawo fari fat, anka ta fito da baƙar laka mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Idan ka ga haka, hau sama mita ɗaya-ɗaya har koto ya riƙa dawowa da rai. A na'urar auna zurfi, idan ka ƙara mata ƙarfin gani, iyakar tana fitowa kamar layin hazo a kwance. Wurin da wannan layi ya taɓa gangaren tsohuwar gaɓa, da rabin mita zuwa mita ɗaya a samansa, nan za ka sa koto.

Ko ruwan da ke hawan sama ma yana takura. A zafin digiri 20 lita ɗaya tana riƙe oksijin kusan miligiram 9, a digiri 30 kusan 7.5 ne. Yawancin kifi suna walwala daga miligiram 5 zuwa sama, ƙasa da 3 suna wahala. Da rana tsirran ruwa suna ƙara oksijin, da dare suna shan sa, don haka ya fi ƙaranci da asuba. A lungun da ruwa ya yi kore kuma ba iska, yamma ta fi asuba ci. Gaɓar da iska ke bugawa ta fi wadda ke kwance, domin iska tana tura abinci can tana kuma motsa ruwan. Idan ka ga kifaye a sama suna haki da safe, bar lungun. Guguwa ko ruwan sama mai sanyi bayan dogon zafi yana iya juyo ruwan ƙasa sama, kifi ya mutu da yawa cikin dare ɗaya.

A ruwa mara zurfi ƙara tana tafiya nesa. Kashe inji mita 50 kafin wurin, ƙarasa da filafili, sauke anka da hannu kada ka jefa ta. Igiyar anka ta kai ninki biyar na zurfi: a mita 4, saki mita 20 ko fiye. A goshi ake ɗaure ta, ɗaurin baya yana sa igiyar ruwa ta cika jirgi. A cikin kututture ɗaura wata siririyar igiya a gindin ankar da jarka a ɗaya bakin, don ka zaro ta ta baya idan ta maƙale, ko ka ɗaure jirgin a jikin itace mai ƙarfi da ƙullin da ke kwancewa da ja ɗaya. Duba itacen tukuna, zuma da macizai suna son sa.

Haɗa fatsa don wurin sarƙaƙiya

Inda kifi yake, nan ƙugiya ke maƙalewa, don haka a haɗa kaya yadda asarar za ta zama ƙarama. Sa dalma a can ƙarshen zare, ƙugiya a reshe santimita 40 zuwa 60 a samanta. Guntun zaren da ke riƙe dalmar ya kasance rabin ƙarfin babban zaren. Idan dalma ta maƙale ita kaɗai za ta tafi, kifi da ƙugiya su dawo. Wannan haɗi yana kuma ɗaga koto daga laka, inda tana ke nutsewa kifi bai gan ta ba.

Ga kifi matsakaici, zaren lailon mai kaurin milimita 0.30 zuwa 0.35 ya isa, da guntu mai 0.50 kusa da ƙugiya saboda gogar itace. Tsage sai da waya, haƙoransa suna yanke lailon. Idan ruwa ya yi garau saboda rashin kwarara, rage kaurin zare da girman koto, ka tsaya nesa. A kan kututturai, toto mai zamewa a jikin zare ya fi komai: sa ƙullin tsayawa yadda koto zai rataye santimita 30 a saman itacen. Ɓoye tsinin ƙugiya a cikin koto. Kifi ya kama, ɗago shi daga sarƙaƙiya a daƙiƙun farko, in ka ba shi zare zai naɗe a reshe.

Ƙugiya ta maƙale, kada ka fisga. Matsa da jirgi zuwa ɗaya ɓangaren ka ja ta ta inda ta shiga. Idan sai an tsinke, naɗa zaren a guntun itace ka ja, kana kau da fuska. Zare a naɗe a hannu yana yanka har ƙashi.

Masu raga da mamari su fara jan igiya mai nauyi a layin da za su shimfiɗa, don gano abin da zai kama. A shimfiɗa a tsawon gefen kwari, sama da hawan ruwan da ba oksijin, a sa alama babba a kowane baki saboda jirage duk sun matsu a hanya ɗaya. A ruwa mai zafi kifin da ya mutu a raga yana lalacewa cikin 'yan awanni, don haka a duba ta kowane awa 3 ko 4. Wanda aka kama a cire masa ciki, a sa a inuwa da ƙanƙara, kilo ɗaya ga kilon kifi.

A nan akwai magana mai nauyi. Kifin da ya cika jirgi lokacin ƙarancin ruwa ba ƙaruwa ya yi ba, matsuwa ya yi. Su ne iyayen da za su hayayyafa idan ruwa ya dawo. Jan taru mai ƙananan ido a gurbin da suka fake yana iya kwashe kamun shekaru masu zuwa. Bi dokar wurin kan girman idon raga, lasisi da lokutan hani, domin hukumomi kan canza su idan ruwa ya yi ƙasa sosai. Zagayayyun ramukan da kake gani a yashi mara zurfi sheƙar karfasa ce, saukar ruwa ta riga ta kashe wasu, kada a bi sauran da jirgi ko birgi. Ragar da ta maƙale a yi ƙoƙarin ciro ta, domin wadda aka bari tana ci gaba da kisa ba mai amfana.

Ruwan da ba a taɓawa

Ruwan da ya yi kore shar kamar an zuba fenti, da kumfa ko dunƙule-dunƙule a gefe, yana iya ɗauke da guba. Tafasawa ba ta kashe ta. Kada a sha, kada a yi wanka, kada kare ko dabba su sha. Kifin da aka tsinta a mace ba a ci. A ƙasashen da ke da tsargiya, ruwa mai ɗumi mara zurfi mai katantanwa shi ne matattararta, kuma tura jirgi da ƙafa yana ƙara shigar mutum cikinsa, don haka a sa dogon takalmin roba. Inda akwai kada ko dorina, su ma sun matsu a gurbin da kifi ya matsu. Kada ka shiga tsakanin dorina da zurfi, kuma kada ka riƙa gyaran kifi a wuri ɗaya a bakin ruwa kullum.

Rubuta abin da ka gani

Ƙarancin ruwa ne kaɗai lokacin da dam ke nuna cikinsa. Ware yini ɗaya ba fatsa, zagaya da waya. Ɗauki hoton kowane tarin duwatsu, kwalbati, layin kututture, bakin rafi da wurin da yashi ya koma tsakuwa, da wani abu na dindindin a bayan hoton, kamar tsauni ko turken lantarki. Sa alamar wurin a taswira da suna mai ma'ana. A gefen kowace alama rubuta kwanan wata, lambar ruwan ranar, da tsayin abin a saman ruwa. Dutsen da ya fito mita 1 lokacin da ruwa ya sauka mita 4 zai kasance mita 3 a ƙarƙashi idan dam ya cika, wurin kifi ke nan. Idan ruwa ya sauka mita 2.5, rabin mita ne kawai a kansa, daidai tsayin farfela. Raba alamun kala biyu, na kifi da na haɗari, ka sake duba su da lambar ruwa kafin kowace fita.